Yadda za ka shirya hutun tsibirin Pemba daga karkarar Jigawa

Sana'ata riɗi da zoɓo. Gidana yana wani ƙauye tsakanin Gumel da Maigatari, kuma na fi shekara 20 ban wayi gari babu lissafin buhu a kaina ba. Alhamis ina kasuwar Maigatari, Lahadi ina Gujungu, sauran kwanaki ina Dawanau ko ina kan hanya. Da hawan jini ya fara taɓa ni, likita ya ce magani kaɗai ba zai wadatar ba, sai na huta. To mai zaure ba ya hutawa a gidansa, kafin ka shimfiɗa tabarma an yi maka sallama sau uku. Shi ya sa da muka gama sayar da riɗi, cikin watan Janairu, na ɗauki uwargida muka tafi tsibirin Pemba a tekun Indiya, muka yi kwana 9. Tun da na dawo 'yan uwa ke tambayata yadda ake yi, sai na ga gara in rubuta sau ɗaya kowa ya amfana.

Zanzibar manyan tsibirai biyu ne. Akwai Unguja, wanda shi mutane ke nufi idan sun ce Zanzibar, sai Pemba a arewa da shi. A 1964 suka haɗe da Tanganyika aka sami Tanzaniya, amma har yau suna da gwamnatinsu ta cikin gida. Unguja ne 'yan yawon buɗe ido ke yi wa tururuwa, musamman bakin ruwan Nungwi da Kendwa, inda ake kiɗa har tsakar dare da irin shigar da ba za ka so ka zauna da iyalinka kana kallo ba. Pemba kuwa ƙasar manoma ce da masunta, mutum sama da rabin miliyan, kusan dukkansu Musulmi. Larabawa na zamanin da sun kira shi koren tsibiri, kuma sunan ya dace, don tudu da kwari duk itace ne. Tsawonsa bai kai kilomita 70 ba. Idan hutu kake nema, Pemba za ka.

Fara da takardu, kuma ka fara da wuri. Mai fasfon Najeriya ba a ba shi bizar Tanzaniya a filin jirgi. Ta intanet ake nema, sai hukumar shige da ficensu ta duba ta amince, kuma abin yana ɗaukar makonni. Ka nema da saura kamar wata 2, kada ka yanki tikitin da ba a canza masa rana sai amsa ta fito. Ka tafi da katinka na rigakafin cutar shawara, mai ruwan ɗorawa ɗin nan, don ana tambayarsa ga duk wanda ya fito daga ƙasarmu. Tun daga Oktoban 2024 kuma gwamnatin Zanzibar ta wajabta wa baƙi sayen inshorar tafiya daga kamfaninta, dala 44 aka sa a lokacin, ita ma ta intanet. Babban ɗana ne ya cike mana duk wannan a wayarsa, muka buga kowace takarda kwafi biyu, ɗaya a jakata ɗaya a jakar mahaifiyarsa.

Lokacin tafiya kuwa, daminarsu ba irin tamu ba ce. Ruwa mai ƙarfi yana sauka daga Maris zuwa Mayu, wannan ka kauce masa. Akwai ƙaramar damina wajen Nuwamba. Daga Yuni zuwa Oktoba ne garin ya fi sanyi da daɗi, amma wane manomi ne zai bar gero da riɗi a gona ya tafi kallon ruwa? Mu namu lokacin shi ne Janairu zuwa Fabrairu: kaka ta wuce, kuɗi sun shigo hannu, hazo ya rufe gida. Can akwai zafi da gumi a lokacin, amma iskar teku tana sassauta shi.

Abin da na fi so ka riƙe shi ne shirin da za ka yi a gida, don nan ne hutun ke gyaruwa ko ya lalace. Mako guda kafin tafiya na zaunar da ƙanena a zaure, na buɗe masa littafin bashi shafi bayan shafi, wanda ke bina da wanda nake bi, na damƙa masa makullin sito. Na nuna wa yara dusar da harawar da za ta ishi tumaki, na bar cefanen wata guda. Sannan na cire layin wayata na kasuwa na miƙa masa. Ya ce, "Yaya, in aka zo da ciniki mai tsoka fa?" Na ce ya yanke abin da ya ga ya dace, riba da faɗuwa duk na yarda. Wani sabon layi na saya a can, mutum biyu kaɗai suka san lambar, kuma muka yi alkawarin magana sau ɗaya a yini, bayan isha'i. Duk wanda ya tafi da layin kasuwarsa, gangar jikinsa ce kawai ta je tsibiri, zuciyarsa tana Dawanau tana auna buhu.

Hanyar da muka bi ita ce daga filin jirgin Malam Aminu Kano zuwa Addis Ababa a jirgin Habasha, daga can zuwa Unguja. Daga Unguja zaɓi biyu ne: ƙaramin jirgin sama da ke sauka kusa da garin Chake Chake cikin kamar rabin awa, ko jirgin ruwa zuwa tashar Mkoani, wanda ke cin awoyi kuma mashigin yana da igiyar ruwa. Wanda bai taɓa hawa teku ba ya bi sama. Ƙananan jiragen ba sa ɗaukar kaya masu nauyi, don haka jaka ɗaya mara nauyi ta ishi kowa: kaftani marasa kauri, hula mai faɗi irin malafa, takalmin roba mai rufe ƙafa, maganinka na kullum, da man sauro. Kada ka ƙunsa kaya a leda, an hana ta a ƙasar tun 2019. Ka riƙe dala sababbin bugu, ka canza shilin ɗin Tanzaniya mai yawa tun a Unguja ko Chake Chake, don a ƙauyuka sai kuɗi a hannu. Motocinsu hannun hagu suke bi, in za ka tsallaka titi ka fara duba dama. Cajar wayarka kuwa za ta shiga soket ɗinsu, irin namu ne mai baki uku.

Yawancin gaɓar Pemba itatuwa ne da ke tsirowa cikin ruwan gishiri, da taɓo. Farin rairayi mai kyau yana can arewa, bayan garin Konde, in ka ratsa dajin Ngezi ka fita wajen Vumawimbi da tsinin Kigomasha. Can ka nemi masauki. Kafin ka biya, ka tambayi abu huɗu ƙarara: ko ana kiɗa da dare, ko akwai gidan sauro a gado, ko akwai wuta ta janareta ko ta rana idan an ɗauke, da nisan masallaci. Namu ɗaki ne mai rufin ganyen kwakwa, taku kaɗan daga ruwa, kuma amalanken shanu ne ke wucewa ta bayansa da safe, kamar dai a ƙauyenmu.

Safiyar farko uwargida ta leƙa waje ta dawo da sauri, ta ce, "Alhaji, ruwan ya tafi." Na fito. Inda jiya da yamma igiyar ruwa ke dukan gindin kwakwa, yanzu rairayi ne jiƙaƙƙe har inda ido ya kusa ƙurewa, kwalekwale sun kwanta a gefe guda kamar shanu a inuwa, mata sun duƙa can nesa suna ɗaura ciyawar teku a jikin igiyoyi, wadda nomanta suke yi su shanya su sayar. Ƙananan ƙaguwa suna ta gudu suna shigewa rami. Wajen la'asar ruwa ya dawo ya rufe komai. Mu mutanen tudu ba mu san wannan ba, kuma saninsa dole ne. Teku yana cika ya janye sau biyu a yini, kowace rana yana jinkirta kusan minti 50 a kan ta jiya, kuma wata ne ke jansa. Wajen tsayuwar wata da daren sha huɗu cikar ta fi ƙarfi, janyewar ta fi nisa. Ka tambayi mai masauki kowace safiya yaushe ruwa zai dawo. Kada ka yi nisa cikin rairayi kana ganin fili, don ruwan yakan zagayo ta kwari ya tare maka baya. Kada ka taka duwatsun ciki ba takalmi, akwai wata halitta baƙa mai ƙaya kamar bushiya. Kuma iya iyo a kogin Haɗeja ko a kududdufin bayan gari ba shi ne iya teku ba. Iya ƙugu ya isa, in kuma za ka shiga kwalekwale ka nemi rigar da ke hana nutsewa kafin ka sa ƙafa.

Harshensu Swahili ne, kuma kunnen Bahaushe zai tsinci abubuwa da yawa da muka ɗebo tare daga Larabci: asubuhi, dunia, habari, sabuni, Alhamisi, Ijumaa. A ciniki za ka ji ishirini, thelathini, arobaini, hamsini, ka gane ba tafinta. Inda za ka yi hattara shi ne agogo. Su daga fitowar rana suke fara ƙirga sa'a, wato ƙarfe 7 na safe shi ne sa'a ɗaya a wurinsu. Mai kwalekwale ya ce mana "saa mbili", sa'a biyu, na ɗauka ƙarfe 2 na rana yake nufi, ashe 8 na safe ya zo ya jira mu har ruwa ya janye, tafiyar ta koma gobe. Duk alkawarin lokaci, ka nuna a fuskar agogo. Sannan suna gabanmu da awa 2.

Alƙiblarsu arewa take kallo, don tsibirin yana kudu da Makka kusan a miƙe. Jikin da ya saba da gabas sai ya yi kwana biyu kafin ya saba. Mafi yawansu Shafi'awa ne, za ka ji liman ya bayyana bisimilla kafin Fatiha. Ka bi shi da natsuwa. Tun da ka yi niyyar zaman da ya kai kwana 4, sallarka cikakkiya ce, ƙasaru a hanya kawai. Ba inda na ji daɗin tafiyar nan kamar sahun asuba a ƙaramin masallacin masunta, da ƙamshin gishiri a rigunansu, in an sallame kowa ya miƙo hannu. Matansu kuma suna rufe jiki, uwargida da hijabinta ba ta zama baƙuwar ido a ko'ina ba.

Abinci shinkafa ce da aka dafa da ruwan kwakwa, kifi gasasshe na ranar, rogo, ayaba dafaffiya, da shayi mai citta da kirfa. Akwai wata halittar ruwa mai hannuwa takwas da suke kira pweza, suna mata miyar kwakwa. Ka ɗanɗana kaɗan tukuna ka ga yadda cikinka zai karɓa. Mu mun tafi da yajin ƙuli da ɗan kilishi, sun yi mana rana. Ruwan gora kaɗai za ka sha. Bayan magariba ka nemi mai gahawa a bakin hanya, yana zubawa a 'yan ƙananan kofuna, a haɗa maka da halua, alewarsu mai laushi.

Game da yadda za ka ci kwanakin, shawarata kada fita ta wuce uku. Mu mun je tsibirin Misali a kwalekwale, inda ba kowa sai masunta masu yada zango, ruwan garau har kana ganin kifi masu launi a ƙarƙashinka. Mun shiga dajin Ngezi da ɗan jagora, muka kuma ga manyan jemagun nan da babu irinsu sai a Pemba, buɗin fikafikansu ya fi mita guda. Ta ukun ita ce gonar kanumfari, wanda suke kira karafuu, kuma ita ta fi taɓa ni a matsayina na ɗan kasuwar amfanin gona. Tun zamanin sarakunan Oman, a ƙarni na 19, aka cika tsibiran da itacen, kuma Pemba ce ke ba da mafi yawan na Zanzibar. Ashe abin da muke jefawa a kunun zaƙi da zoɓo tohon fure ne da ake hawa dogon itace a tsinko da hannu tun bai buɗe ba, a shanya a tabarma a bakin hanya kamar yadda muke shanya barkono, har ya koma baƙi-baƙi. Hukumar gwamnati ce ke sayensa daga manoma, don haka kada zuciyar fatauci ta raya maka buhu. Ɗan ƙunshin tsaraba ya isa.

Sauran kwana shida ba mu je ko'ina ba. Asuba, karatun Alƙur'ani, tafiya a rairayi kafin rana ta yi zafi, karin kumallo, barci a inuwa, sai hira. Kwana biyun farko hannuna yana ta laluben aljihu yana neman waya, raina yana cewa na bar dukiya a hannun yaro. Ka san wannan zai zo maka, kada ka biye masa ka kira gida. A rana ta uku na yi barcin da rabona da irinsa tun ina saurayi. A ta huɗu muka zauna da uwargida daga la'asar har jiragen masunta suka buɗe ƙyallayensu suka fita, tana ba ni labarin shekarun farkon aurenmu, abubuwan da suka faru a cikin gidana ina kan hanyar kasuwa ban sani ba.

Wajen dawowa, ka baro Pemba da kwana ɗaya kafin ranar babban jirginka, ka kwana a Unguja, don iska ko ruwa na iya jinkirta ƙaramin jirgi. Yinin nan ya ishe ka zaga tsohon birnin Zanzibar ka sayi atamfarsu ta kanga da kirfa da masoro na rabo. Ka kuma tsara saukarka Kano ta faɗo farkon mako. Mu ranar Litinin muka sauka, na kwana biyu a gida ina karɓar 'yan sannu da zuwa, ƙanena ya kawo littafi da makulli ranar Laraba da dare, Alhamis na shiga Maigatari.