Idan munazzama ta zo da tallafin lambu, ga yadda za ku ci moriyarsa

'Yan uwa manoman jinena na Mai Wurno da Sinja har Kassala, tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 iri ya yi tsada, man injin ban ruwa kuwa ba a magana, shi ya sa duk sanda aka ce FAO, hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ko wata munazzama, wato ƙungiyar agaji, na rabon iri sai kowa ya ruga shi kaɗai. Don Allah kar ku je a warwatse. Ku haɗa jam'iyya tukuna, masu lambu a gefe ɗaya, a rubuta sunan kowa da faddan nawa yake nomawa, a sa mata a ciki da gaske ba don cika takarda ba, su ne fa ke yanka kuɓewa su shanya weka. Masu ba da tallafi sun fi saurarar ƙungiya.

In an zauna da su, ku fara da maganar ruwa. Wallahi ni a ganina famfon sola ɗaya da mutum goma za su raba ya fi buhun iri kyauta, domin iri kaka ɗaya ne ya ƙare, amma fa tun ranar farko ku tambaya wa zai gyara in ya lalace kuma ina ake samun kayan gyaran, sannan ku buɗe sanduk kowa na zuba wani abu bayan ya sayar. Ku yi jadawalin ban ruwa a rubuce, rigimar jam'iyya daga nan take farawa.

Irin da aka ba ku, ku duba fakitin. In an rubuta F1, wato irin da aka samu ta haɗa auren iri biyu, kar ku ajiye 'ya'yansa don baɗi, ba zai fito kamar uwarsa ba. Ku jiƙa ƙwaya ashirin a tsumma ku ga nawa suka tsiro kafin ku zuba a bedi.

Tumatir kuma kar kowa ya dasa rana ɗaya da shigowar sanyi, a Janairu da Fabrairu kasuwa ke cika farashi ya faɗi. Ku rarraba dashen da tazarar sati biyu, gefe ku sa jarjir da lalo masu kawo kuɗin cefane da wuri, tumatirin da ya rage a yanka a shanya. Ku roƙi malamin gona ya riƙa zuwa cikin lambun ya nuna muku farin ƙudan da ke nannaɗe ganyen tumatir, kuma a rufe bedin reno da gidan sauro tun kafin ya tsiro.