Sababbin zuwa Birtaniya: maganar saka yara a Air Cadets

Salam 'yan uwa. Wannan na iyayen da suka iso Birtaniya kwanan nan ne da yara 'yan shekara 12 zuwa sama, ko karatu ya kawo ku ko aikin asibiti ko aikin kula da tsofaffi. Bayan an gama fama da neman gida da makaranta da rajistar likita, matsalar da take biyowa ita ce yaro ya dawo makaranta ƙarfe uku da rabi ya shige ɗaki da waya, ba aboki ba wajen zuwa, ku kuma kuna can kuna shif, ga shi da sanyi ya shigo kafin ƙarfe biyar gari ya yi duhu. Toh akwai wani abu da mutanenmu basu cika sani ba ko kuma sun ji sun tsorata, wato Air Cadets, ƙungiyar matasa da rundunar sojan sama ta RAF take ɗaukar nauyi.

Nasan abinda zai fara zuwa ran uba ko uwa. Mu a gida in aka ce kadet hankali NDA Kaduna yake tafiya ko makarantar soja ta Zariya ko ta sojan sama da ke Jos, inda in yaro ya shiga an san soja zai zama. Wannan ba haka bane. Yaro yana gidanku, yana makarantarsa ta boko, da yamma kawai yake zuwa, ba a ɗauke shi aikin soja ba kuma ba wata takarda da zai sa hannu cewa in ya girma sai ya shiga, ranar da ya gaji ya maida musu yunifom ɗinsu shikenan. Ya fi kama da 'yan agajin da muka sani a gida masu kaki da fareti da taimakon gaggawa, sai dai su waɗannan akwai jiragen sama a ciki kuma ma'aikatar tsaro ce take biyan mafi yawan kuɗin. Tsohuwar ƙungiya ce, a 1941 aka kafa ta lokacin yaƙin duniya na biyu da sunan Air Training Corps, kuma yanzu tana da rassa sama da 900 a faɗin ƙasar, kowane reshe ana ce masa sikwadron kuma yana da lambarsa da sunan garinsa. Da wuya ka zauna a Bradford ko Birmingham ko Manchester ko Leicester ko Glasgow a ce babu ɗaya kusa da kai, ka shiga shafin RAF Air Cadets ka saka lambar unguwarku zai nuna maka.

Ana shiga daga shekara 12 in yaro ya kai Year 8 a Ingila, wato aji biyu na sakandare, har zuwa kafin ya cika 17, wanda ya riga ya shiga kuma zai iya zama har ya kai 20. Maza da mata duka, tun shekarun 1980 aka fara ɗaukar mata. Yawancin rassa sau biyu suke haɗuwa a sati, wajen ƙarfe bakwai na yamma zuwa tara da rabi, sai wasu ayyukan Asabar da Lahadi da lokacin hutu. Wani reshen sau ɗaya ko biyu a shekara yake ɗaukar sababbi kuma akwai masu layin jira, don haka dan Allah kar a bari sai yaro ya kai 16 sannan a tuna, wanda ya shiga da wuri shi yake cin moriyar abin sosai.

Kuɗi fa? Akwai ɗan abinda ake biya duk wata, kowane reshe da nasa amma yawanci tsakanin fam 10 ne zuwa 20. Yunifom ɗin shuɗi aro suke bayarwa kyauta, takalmin fareti da but na shiga daji ne ku zaku saya, kuma kafin ku saya ku tambaya domin akan samu na hannu da yaran da suka girma suka bari. In ka dubi kuɗin kulob ɗin ƙwallo ko darasin ninƙaya a ƙasar nan zaka ga wannan kusan sadaka ne. In ma aljihu ya yi zafi a yi wa shugaban reshen magana a gefe, kowane reshe yana da kwamitin farar hula, yawanci iyaye ne, da suke riƙe kuɗin kuma sukan taimaka, ba abin kunya bane.

Watannin farko ba jirgi ba alamarsa, gara ku faɗa wa yaro tun wuri. Fareti ne, tsayuwa a layi, yadda ake sara wa ofisa, yadda ake guga har wando ya yi kari, yadda ake shafa wa takalmi kiwi har ka ga fuskarka a ciki, sai tarihin rundunar da karatun taswira da kamfas da sanin ƙa'idar filin jirgi. Iyaye mata da yawa anan suke fara son abin, domin yaron da ko gadonsa baya gyarawa sai ka ganshi ya ɗauko dutsen guga da kansa tunda ya san saje ɗan shekara 16 zai duba shi a gaban kowa. Eh, yaran ne suke riƙe da muƙamai, daga kofur zuwa saje zuwa sama, su suke koyar da na ƙasa da su manya suna sa ido. Bangaren karatu kuma mataki huɗu ne, First Class, Leading, Senior sai Master, ana koyon yadda fiffike yake ɗaga jirgi da yadda inji yake aiki da yadda matuƙi yake gane hanya, da jarrabawa a kwamfuta.

Yanzu maganar tashi, wadda ita ce take jan yara kuma ita ce inda ake yawan yaudarar kai. Gaskiya ne ana ɗaukar su a jirgi. Akwai wani ƙaramin jirgi mai kujera biyu da ake kira Grob Tutor, yaro yana zama gefen matuƙi, yawanci matuƙan RAF ne na yanzu ko waɗanda suka yi ritaya, an saka masa hular kwano da laimar sauka, in sun hau sama a bashi sanda ya riƙe ya juya jirgin da hannunsa, mai ƙarfin zuciya ma har wulƙitawa ake yi da shi. Sai kuma Viking, jirgi mara inji da ake fizga sama da doguwar igiyar ƙarfe sannan a sake shi ya yi ta shawagi, wanda ya dage ya kai 16 zai iya kaiwa matakin da zai tashi shi kaɗai ba malami. Duk wannan ba ko sisi. Amma gurbin kaɗan ne yaran kuma da yawa, wani sai ya shekara bai hau ba, wani a kai shi filin tun asuba a wuni ana jiran hadari ya wuce a dawo da shi ba a tashi ba. A 2014 ma dakatar da jiragen marasa inji aka yi gaba ɗaya saboda matsalar kula da lafiyarsu, aka ɗau shekaru kafin su dawo kuma aka rage wuraren horon. Kuma wanda ake gani kullum a fareti shi ake fara zaɓa, mai zuwa yau ya ɓace sati uku kar ya yi tsammani. Saboda haka duk wanda ya ce maka ka saka ɗanka zai fito da lasisin tuƙa jirgin fasinja bai san abin ba, wannan karatu ne daban mai cin dubban fam kamar yadda kwalejin koyon tuƙin jirgi ta Zariya take cin miliyoyi a gida. Abinda yaro zai samu anan shi ne ya ɗanɗana ya gane ko da gaske yana so, ya san mutanen da zasu nuna masa hanyar neman tallafin karatun tuƙi, ya kuma samu abin faɗa ranar intabiyu.

Ni a ganina ma ba jirgin ne babbar ribar ba ga ɗan baƙo. Yaron da ya zo daga Kano ko Maraɗi yana jin kunyar Turancinsa, a makaranta kowa ya riga ya yi abokansa tun firamare, amma a sikwadron duk sababbi tare suke farawa cikin kaya iri ɗaya kowa yana kuskuren ƙafar hagu da dama, nan da nan sai ka ga ya sake. Ga satifiket na taimakon gaggawa, ga koyon magana a rediyo, wasanni, ganguna da algaitun fareti ga mai so, sansanin sati guda a barikin sojan sama lokacin hutun bazara. Sannan ga Duke of Edinburgh's Award, wanda kowa yake ce wa DofE, lambar yabo ce ta matasa mai mataki uku, tagulla daga shekara 14, azurfa 15, zinariya 16, ana haɗa aikin sa kai da motsa jiki da koyon sana'a da tafiyar ƙafa a daji da kwana a tanti. Masu ɗaukar aiki da jami'o'in ƙasar nan sun san shi sarai, kuma mu da muka zo ba mu da kawu ko baffa da zai yi wa yaro hanya, irin waɗannan takardun da wasiƙar shaida daga shugaban reshe su ne hanyar.

Akwai harbi, kar ku ji daga baya ku ce ba a faɗa ba. Da bindigar iska ake farawa a filin harbi, sai yaro ya ci gwajin riƙe makami kafin a bar shi ya harba, kuma sai da izinin iyaye. In baku so ku ce baku so, sauran ayyukan suna nan.

Maganar addini kuma, wadda nasan Hajiya ita take jira. Mata suna saka hijabi da yunifom kuma akwai wando ba dole sai siket ba, a sansani ɗakin kwanan mata daban da manya mata masu kula da su, kuma duk babban da yake aiki da yaran sai an yi masa binciken ko ya taɓa aikata laifi, wanda a Ingila ake kira DBS. Abinci ku rubuta halal a fom tun kafin tafiya, in kuna kokwanto ku ce na kayan lambu. Sallah ce take buƙatar tsari, da hunturu magariba ta wuce tun kafin a fita gida, tsakiyar bazara kuma sai bayan tara, amma akwai watannin da take faɗowa ana tsakiyar fareti, toh yaro ya faɗa wa malaminsa a bashi minti biyar da ɗaki, ba a hanawa, kawai dai ba wanda zai tuna masa. Haka azumi, a sanar da su kada a saka shi gudu. Islamiyya da yawa anan biyar zuwa bakwai suke yi, sai a roƙi malam ya riƙa sallamarsa da wuri kwana biyun nan. Ku sani kuma rassa da yawa suna da limamin Kirista, ranar rantsar da sababbi akwai alkawarin biyayya da ake yi wanda ya ambaci Allah da Sarki da ƙasa, sannan a watan Nuwamba ana faretin tunawa da waɗanda suka mutu a yaƙi wanda wani lokaci yake ƙarewa a coci. Ku zauna da shugaban reshen ku faɗa masa iyakarku tun farko, yaro zai iya yin faretin ya tsaya a waje, sun saba da wannan.

Fom ɗin lafiya dan Allah a cika shi da gaskiya. Asma, sikila, farfaɗiya, duk a rubuta. Mun saba ɓoye irin wannan a gida saboda bakin mutane, amma anan yaro ne za a ɗaga sama ko a kai shi tsauni cikin sanyi, in basu sani ba ba zasu iya kare shi ba, kuma rubutawar ba ta nufin korarsa, wani aikin ne kawai za a nemi takardar likita.

Waɗanda suke Kanada akwai Royal Canadian Air Cadets daga 12 zuwa 18, na Amurka kuma Civil Air Patrol, tsarin ya ɗan bambanta amma kusan tafiya ɗaya ce.

Kafin ku yanke hukunci ku tura musu imel ku ce kuna son zuwa gani da yaron, yawanci suna da daren da suke buɗe wa iyaye. Ku tambayi ranakun fareti, yaushe suka kai yara tashi na ƙarshe, manya mata nawa suke da su, da kuma yadda ake komawa gida da dare, domin tara da rabi a watan Disamba ba lokacin da za a bar yarinya 'yar 13 a tashar bas bane, in shif ɗinku bai bari ba ku haɗa kai da wani gidan ku riƙa ɗauko su bi da bi.