Inda malamai ke tuntuɓe wajen bincike a aikace

Bincike a aikace, wanda malamanmu da suka fito daga ENIEG, makarantar horar da malaman firamare ta Kamaru, suka sani da recherche-action, ba sai ɗan jami'a ba. Masanin halayyar ɗan Adam Kurt Lewin ne ya shimfiɗa tsarinsa a 1946: ka tsara, ka aiwatar, ka lura, ka yi nazari, sannan ka sake zagayowa. Malamin firamare a Garwa ko Marwa zai iya yinsa da alli da littafin kiran suna. Abin takaici, da yawa kan fara da zafi su watsar kafin hutun Disamba.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗaukar kayan da ya fi ƙarfin wuya. Malam ya ce zai binciki faɗuwar yara a jarrabawar CEP, ta kammala firamare. A cikin wannan akwai talauci da cunkoso da rashin littattafai, kuma ba ɗaya da ke hannunsa. Ya rage tambayar ta dawo cikin ajinsa: me ya sa yaran CP (aji biyu na firamare) masu jin Hausa ko Fulatanci a gida ba sa gane umarnin da aka ba su da Faransanci? Wannan ana iya gwada mata magani cikin mako shida, misali a buɗe darasi da gajeren bayani a harshen gida.

Sai rashin awo tun farko, kuma nan ne aiki mai kyau ya fi lalacewa. Idan ba ka rubuta yara nawa ke iya karanta jimla ɗaya kafin ka canza komai ba, da me za ka kwatanta? "Na ga sun inganta" ba hujja ba ce. A kula da lokaci ma. Wanda ya ƙirga masu fashin makaranta a Oktoba, lokacin dashen masakuwa (dawar rani), ya sake ƙirgawa bayan an gama aikin gona, zai ɗauka dabararsa ce ta dawo da yara, alhali gona ce ta sake su. Haka Litinin, ranar babbar kasuwar Marwa, ba a haɗa ta da Laraba. Kuma abu ɗaya ake canzawa. In ka sauya wurin zama da littafi da salon tambaya rana guda, ba za ka san wanda ya yi aiki ba.

Wasu kuma ba sa tambayar masu abin. Yarinyar da ke makara kullum, wataƙila ɗiban ruwa ne ko karatun allo na asuba. Ita da iyayenta a taron APEE, ƙungiyar iyaye da malamai, za su faɗa maka cikin minti biyar.

Rahoton da aka gyara don sufeto ya ji daɗi shi ne ya fi ci mini rai. In dabarar ba ta yi ba, rubuta haka da alƙalumanta, ka nuna wa abokin aikinka na aji ɗaya, ku fitar da abin da za a gwada a zango na biyu.