Yadda Ake Dafa Ruwan Malt Daga Tsiron Dawa a Gida

Lokacin da gwamnatin Najeriya ta hana shigo da tsiron sha'ir a shekarar 1988, sai kamfanonin da ke yin giya da lemon malt suka koma ga dawa. Dukkan abubuwan shan biyu hanya ɗaya suke bi har zuwa tafasawa, kuma daga nan ne mai son abin sha marar sa maye yake tsayawa, ba ya zuba yis, ba ya kuma barin ruwan ya kwana a waje.

Kayan aikin ba su da yawa: babbar tukunya, bokiti mai murfi, buhun algarara, ƙyallen tata, muciya, kwalabe, da ma'aunin zafi. Idan kuɗi bai kai a sayi duka ba, a fara da ma'aunin zafi, domin taɓa ruwa da yatsa ba zai bambanta digiri 60 da digiri 75 ba, alhali a wannan ɗan tsakani ne aikin yake gyaruwa ko ya lalace.

Da farko a wanke dawa, farfara ko kaura, a jiƙa ta kwana ɗaya ana sauya ruwa, sannan a tsame a baza ta a kan jiƙaƙƙen buhu, a rufe da wani, ana yayyafa ruwa safe da yamma ana juyawa don kada ta yi fumfuna. Cikin kwana huɗu zuwa biyar za ta tsira sosai. Sai a shanya ta a rana har ƙwayar ta riƙa karyewa ƙas a haƙori, a murje ta tsakanin tafuka, a sheƙe saiwa da tofon gaba ɗaya. Wannan sheƙewa wajibi ce, saboda tofon dawa yana ɗauke da gubar sayanayid, irin wadda take kashe dabbar da ta ci ƙaramar dawa a gona.

A kai tsiron inji a ɓarza shi, kada a niƙa shi ya zama gari, don gari yana toshe ƙyalle wajen tata. A dama kilo ɗaya da lita huɗu na ruwa mai ɗumi, wajen digiri 45, a bar shi rabin sa'a ya kwanta.

A nan dawa ta sha bamban da sha'ir. Sitacin dawa ba ya narkewa sai zafi ya kai wajen digiri 70 ko fiye, kuma irin wannan zafi yana kashe sinadaran cikin tsiro waɗanda suke mayar da sitaci sukari. Saboda haka sai a tsiyaye ruwan sama a ajiye gefe, domin sinadaran a cikinsa suke, a dafa gasarar ƙasa ana tuƙawa har ta yi kauri kamar kunu, a sauke ta huce, sannan a mayar da ruwan da aka ajiye. A riƙe zafin haɗin tsakanin digiri 60 da 65 na sa'a ɗaya ko fiye, a lulluɓe tukunyar da tsohon bargo. Kaurin zai saki, zaƙi ya fito. Don tabbatarwa, a ɗiga kaɗan a farin faranti a ɗora ɗigon aidin. Idan ya yi baƙi-baƙi, da sauran sitaci, a ƙara lokaci, a kuma zubar da abin da aka gwada.

Bayan an tace, a tafasa ruwan sa'a guda. Mai son launi mai duhu sai ya ƙona sukari kaɗan ya zuba. A wanke kwalabe da tafasasshen ruwa, a sanyaya abin shan da sauri, a sa shi a firiji, a shanye cikin kwana biyu. Idan ya fara kumfa ko kwalba ta yi ƙarar fitar iska lokacin buɗewa, yis na iska ya shiga ya fara mayar da sukarin barasa, kuma kwalbar gilashi da aka toshe a wannan hali tana iya fashewa.