Kurakuran da masu keken lantarki suka fi yi a kan taya a Kumasi

Tun da kekunan lantarki suka fara yawa a Kumasi, musamman a hannun samarinmu masu kai saƙo da abinci, yawancin waɗanda ke turo nasu shagona a Aboabo kukan taya suke kawowa. Mutum zai yi ta tambaya a kan batir, yadda ake caji da yadda ake kare shi daga ruwa, amma robar da ke ɗauke da shi da batirin da kayansa ko kallo ba ta ishe shi ba sai ranar da ta ajiye shi a hanya. Na gaji da maimaita magana ɗaya a bakin shago, shi ya sa na rubuta.

Babban kuskure shi ne ɗaura wa keken lantarki tayar keken yawo mai araha. Keken da muka saba da shi nauyinsa bai cika wuce kilo 15 ba. Na lantarki kuwa yakan kai kilo 25 zuwa 30, tun kafin ka hau, tun kafin ka ɗora akwatin kaya. Mafi yawan wannan nauyi a ƙafar baya yake, kuma a nan ne injin yake murza taya a duk lokacin da ka tashi daga tsaye ko ka kama hawan Adum. Ga gudu kuma. Wanda yake tafiyar kilomita 30 a awa, nisan da zai ci kafin birki ya tsayar da shi ya ninka na mai tafiyar 15 kusan sau huɗu, kuma duk wannan aiki ɗan wurin da taya ta taɓa ƙasa ne yake yinsa. Idan pragya, wato keke mai ƙafa uku na haya, ta yanko gabanka a Kejetia, robar nan ce za ta yanke hukunci. Duba gefen taya. Waɗanda aka yi domin wannan aiki sukan zo da alamar E-25 ko E-50, wato gudun kilomita 25 ko 50 a awa da aka amince su ɗauka, kuma masu saurin za ka ga an rubuta ECE-R75. Mai irin wannan alama tana da kaurin gefe, sau da yawa kuma da shimfiɗar kariya a ƙarƙashin zanenta. Schwalbe Marathon Plus, misali, kariyarta ta kai milimita 5. Ba kullum ake samunta a nan ba, amma Kenda da CST ma suna da masu kauri. In kuɗin taya ɗaya kake da shi, sa mai ƙarfin a baya, da sharaɗin ta gaba ba ta suɗe ba. Araha ba ta ado, kuma wanda yake bi ta Suame Magazine, inda guntayen ƙarfe da waya suka cika bakin titi, ko Sokoban wajen masu katako inda ƙusa ba ta ƙarewa, shi zai fi kowa sanin haka.

Sai sayen taya da baki. "Masta, ba ni ashirin da shida." Wace ashirin da shidar? Akwai wadda cikinta milimita 559 ne, akwai ta 590, duk 26 ake ce musu, kuma ɗaya ba ta hawa rim ɗin ɗaya. Tayar keken Phoenix na iyayenmu 28 ce, cikinta 635, alhali 28 ta kekunan da ke zuwa daga Turai 622 ce. Haka 20 ma, akwai 406 akwai 451. Lambar da ba ta ruɗi ita ce mai kashi biyu, kamar 57-559: ta farko faɗin taya, ta biyu girman rim. Ta biyun dole ta zo daidai da tsohuwar tayarka. Ɗauki hotonta a waya kafin ka fita kasuwa, shi ke nan. Faɗin kuwa kana iya ƙarawa kaɗan, amma ni ba na sakin keke sai ƙaramin yatsana ya shiga tsakanin taya da ƙarfen jikinsa, domin jan taɓon damina yana buƙatar wurin wucewa.

Yanzu ga wanda ya fi ci mini rai, iska. Samari, ku ji tsoron Allah, ku daina auna iska da babban yatsa! A keken ƙafa, idan iska ta ragu cinyoyinka ne za su gaya maka. A na lantarki inji ne yake ɓoye maka nauyin, sai ka yi ta tafiya a kan taya mai laushi ba ka sani ba, batir yana ƙarewa da wuri, ka zo kana cewa an sayar maka da jabu. Sannan ka faɗa rami ko ka daki bakin gota, rim ya matse tiyub ya huda shi wuri biyu kusa da juna, kamar saran maciji. Duk wanda ya kawo mini irin wannan huji, ba na neman ƙusa, na san rashin iska ne. Wasu kuma su kai wa mai facin mota ya ɗura musu da babban injinsa, wanda cikin ƙiftawar ido yake wuce ƙa'ida, su ajiye keken a rana, tsohuwar taya ta tashi da ƙara. An rubuta iyakar iskar a gefen taya. Mai faɗin inci biyu takan so tsakanin 35 zuwa 65 a ma'aunin psi, manyan nan masu inci huɗu kuwa ba sa wuce 20 zuwa 30. Sayi famfo mai geji, kuɗinsa bai kai na taya ɗaya mai kyau ba. Ni ranar Juma'a nake duba nawa kafin in tafi masallaci, kuma nakan sa ta baya ta ɗan fi ta gaba.

Abin da ya sa nake zafi a kan facin baya shi ne abin da ke biyo bayansa. Yawancin kekunan nan injinsu a cikin cibiyar ƙafar baya yake, wayarsa kuma ta cikin ƙarfen tsakiya take fitowa. Kwanaki wani bawan Allah mai kai magani ya kawo facin baya ina wajen jana'iza a Asawase. Yaron shagona ya kwance notuna ya finciko ƙafar yadda ya saba yi wa keken yawo, bai cire mahaɗin waya ba. A cikin wayar nan akwai uku masu kauri da ke kai wuta, da wasu sirara biyar ko shida da ke gaya wa inji inda ya tsaya. Siraran suka tsinke daidai bakin ƙarfen, wurin da hannu ba ya shiga. Keke ya koma sai kakkarwa da gurnani, ba ya tafiya. Sai da aka buɗe injin gaba ɗaya aka sake zura waya, daga aljihuna, kuma mutumin ya yi kwanaki ba aiki, ga iyali. Ya dube ni ya ce, "Malam, amana na kawo maka." Har yau maganar nan tana damuna. Tun daga nan dokar shagona ita ce: a kashe keke a cire batir, a raba mahaɗin da hannu biyu ba da murɗawa ba, a ɗauki hoton yadda wosha-wosha suka jeru kafin a taɓa noti. Akwai wosha mai ɗan harshe da ke hana ƙarfen tsakiya juyawa. In ka manta da ita, ko ka bar noti sako-sako, injin da kansa zai juya ƙarfen ya naɗe wayar ya tsinka. Wajen mayarwa a daidaita kibiyoyin da ke jikin mahaɗin, kuma wayar ta fito tana kallon ƙasa don kada ruwa ya gangara cikin inji. Kada ka miƙa wa kowane mai faci ƙafar baya kana tsaye kana danna waya. Tambaye shi ko ya taɓa kwance irinta, in ya yi jim, a yi facin ba tare da an cire ƙafar ba, ana iya zaro tiyub ta gefe.

Masu son taya mai manyan haƙora don ado, in a kwalta kake wuni, ƙara za ta yi maka, ta sha batir, ta cinye da wuri, kuma a jiƙaƙƙiyar kwalta ba ta kama ƙasa kamar mai ƙaramin zane. Na fi son mai santsin tsakiya da ɗan haƙori a gefe, tana shiga lungunan unguwa masu jan ƙasa ba gardama.

Tayar gwanjo ba haramun ba ce, wani lokaci a cikinta ake tsintar masu kyau. Lanƙwasa gefenta a haske. In ka ga tsattsagewa ko zare ya leƙo, ajiye ta ko da zanenta sabo ne, robar ta riga ta mutu.

Tiyub ma yana da lamba, kada a cusa ƙarami cikin babbar taya. Kada a ɓamɓare taya da sukudireba. Kibiyar da ke gefen taya ta kalli inda ƙafa ke juyawa. Robar da ke rufe kawunan wayoyin rim in ta yage a canza ta, in ba haka ba huji zai riƙa fitowa ta ciki kana zargin hanya. Kafin ka mayar da tiyub, bi cikin tayar da tsumma a hankali, domin siririyar wayar da ta huda ka sau da yawa tana nan a maƙale. Ni nakan barbaɗa wa tiyub ɗan hodar yara, in ba shi iska kaɗan ya ɗauki siffa, sannan in zura shi. Kuma kada ka kifa keken a ƙasa a kan allonsa da maƙunnin gudu, nemi benci ka ɗora ko ka rataye shi da igiya.