Kurakuran da aka fi yi wajen koyon ilimin jikin ɗan Adam da yadda za a gyara su

Duk wanda ya zauna da ɗaliban shekarar farko a makarantun koyon aikin jinya, ungozoma ko kiwon lafiyar al'umma ya san cewa darasin sanin jikin ɗan Adam yana cikin waɗanda suka fi kayar da su. Abin da ke ba ni tausayi shi ne yawancinsu masu ƙoƙari ne, domin za ka ga yaro ya kwana yana bitar sunayen ƙasusuwa 206 da ke jikin baligi har ya haddace su tsaf, amma idan aka tambaye shi dalilin da ya sa raunin guringuntsi ya fi na fata jinkirin warkewa sai ya yi shiru. Mun taso da baiwar hadda, kuma baiwa ce ta gaske, sai dai wannan fanni yana neman wani abu ƙari a kanta. Rassa biyu gare shi: anatomi, wato sanin yadda aka gina jiki, da fisiyoloji, wato sanin yadda ginin yake aiki. Kuskuren da ya haifi sauran kurakuran shi ne a karanta su a rarrabe. Gyaransa kuwa shi ne duk lokacin da ɗalibi ya koyi siffar wani abu ya tambayi kansa wane aiki siffar take yi, idan kuma aiki ya koya ya nemi siffar da ta ba da damar yin sa. Guringuntsi ba shi da hanyoyin jini a cikinsa, abincinsa yana tsattsafowa ne daga kewaye, shi ya sa gyaransa yake tafiyar hawainiya.

Tarko na biyu yana cikin bakinmu, kuma shi na fi so a tsaya a kansa. Kalmar jijiya a Hausar yau da kullum tana ɗauke da abubuwa aƙalla huɗu waɗanda babu abin da ya haɗa su sai tsawo da siranta. Akwai jijiyar da ke fita da jini daga zuciya, akwai mai dawo da shi, akwai jijiyar saƙo da ke kai labari tsakanin ƙwaƙwalwa, laka da sauran jiki, sannan akwai agara, wadda ke ɗaure tsoka da ƙashi. Ɗalibin da ya bar su duka a ƙarƙashin suna ɗaya a cikin kansa zai ci gaba da rikita su a jarrabawa, daga baya kuma a gaban majinyaci. Hanya mafi sauƙi ta raba su ita ce a gan su da ido, kuma ranar layya dama ce da ba ta buƙatar ko sisi. Idan ana fiɗar rago, a duba babbar jijiyar da ta taso daga saman zuciya: bangonta mai kauri ne, yana da danƙo kamar roba, kuma ko an yanke ta bakinta yana nan a buɗe, saboda an yi ta ne don ta jure ƙarfin bugun zuciya. Mai dawo da jini bangonta siriri ne, da zarar jini ya tsiyaye sai ta lafe kamar safar da ba ƙafa a ciki. Agara fara ce sol, tana sheƙi, ga ƙarfi, kuma idan ka ja ta bayan ƙafa za ka ga kofato ya motsa. Jijiyar saƙo kuwa kamar farin zare take, ba rami a tsakiyarta. Saboda haka idan tsoho ya ce da ma'aikacin lafiya, "Ɗana, jijiya ce ke damuna," abin da ya dace shi ne a ce, "Baba, nuna mini wurin da hannunka, yaya kuma kake jin sa?" Zugi mai tafiya kamar wutar lantarki daga ƙugu zuwa ƙafa magana ce daban da kumburin jijiyoyin da suka kanannaɗe a ƙwauri.

A kan jijiyoyin jini ma akwai wata hadda da ke yawo, wai mai fita daga zuciya tana ɗauke da jini mai iskar oksijin, mai komawa kuma tana ɗauke da wanda ya rasa ta. Wannan gaskiya ne a yawancin jiki, amma a tsakanin zuciya da huhu abin ya juya: jijiyar da ke fita daga ɓangaren dama na zuciya zuwa huhu jini marar oksijin sosai take kaiwa, masu dawowa daga huhu su ne ke ɗauke da wanda ya cika da ita. Alƙiblar da jinin ya nufa ita ce ke ba jijiya sunanta. Wannan zagayen ta huhu Ibnun Nafis, likitan da ya taso a Dimashƙa ya yi aiki a Alƙahira, ya bayyana shi tun ƙarni na 13, kafin William Harvey na Ingila ya wallafa bayanin zagayen jini gaba ɗaya a 1628. Jinin da ke komawa zuciya daga sassan jiki kuma ja ne mai duhu. Shuɗin da ake gani a zanen littafi alama ce kawai.

Kalmar ciki ma haka take. Tumbi gaɓa ce guda, ciki kuwa ɗaki ne da ya ƙunshi tumbi, hanta, saifa, hanji, ƙoda da sauransu. A nan ne batun dama da hagu yake shigowa. A wannan ilimi ana ɗaukar mutum yana tsaye, fuskarsa gaba, tafukan hannayensa suna kallon gaba, kuma dama da hagu nasa ne, ba na mai kallonsa ba. Hanta tana sama ta dama, saifa ta hagu. Wanda ya saba da karanta zane daga nasa gefen zai rubuta akasin haka a katin majinyaci.

Babin sinadaran jiki shi ne wanda ɗalibai suka fi tsallakewa, suna cewa sun bar wannan a sakandare, alhali shi ne tubalin ginin. Sinadarai huɗu, wato oksijin, kabon, haidirojin da naitirojin, su ne kusan kashi 96 cikin 100 na nauyin jiki. Ruwa kuma ya kai wajen kashi 60 cikin 100 na nauyin baligin namiji, wato kimanin lita 42 ga mai kilo 70. Mutane da yawa suna zaton mafi yawan ruwan yana cikin jini, amma kashi biyu cikin uku, kusan lita 28, yana cikin sel ne, wato ƙananan ƙwayoyin halitta da suka gina jiki, ruwan jini kuwa bai wuce lita 3 ba. Abin da ke tafiyar da ruwa tsakanin waɗannan ɗakuna shi ne osmosis, kuma a nan ake yawan juya maganar. Ruwa ne ke tafiya, yana ratsa tantani ya nufi ɓangaren da narkakkun abubuwa kamar gishiri da sukari suka fi yawa. Ka yanka tumatir ka barbaɗa masa gishiri, ka dawo bayan ɗan lokaci, za ka tarar ruwa ya taru a faranti. Gishirin ne ya jawo shi daga cikin ƙwayoyin tumatirin.

Wanda ya gane wannan ya gane dalilin da ya sa ba a yi wa mutum ƙarin ruwa da zallar ruwa ta jijiya, domin jajayen ƙwayoyin jini za su sha shi su kumbura har su fashe. Shi ya sa ruwan da aka saba ɗaurawa yake da giram 9 na gishiri a kowace lita, daidai da abin da jini ya saba da shi. Ya kuma gane hatsarin da ke cikin kuskuren haɗa ruwan gishiri da sukari ga yaro mai gudawa. Ma'aunin gida shi ne ƙaramin cokali shida na sukari, a shafe daidai bakin cokali, da rabin ƙaramin cokali na gishiri, a cikin lita ɗaya ta tsaftataccen ruwa. Sukarin yana nan ne don bangon hanji yana shigar da gulukos na sukari da sodiyam na gishiri tare ta ƙofa ɗaya, ruwa kuma ya bi bayansu. Uwa mai tausayi takan ƙara sukari don yaro ya ji daɗin sha, sai haɗin ya fi jini kauri, ya riƙa jawo ruwa daga jiki zuwa hanji, gudawar ta ƙaru. Ma'aikacin da ya san dalili zai iya yi mata bayanin da za ta gamsu, wanda ya haddace adadin cokula kawai ba shi da amsa idan ta tambaya.

Ma'aunin pH, wanda ke auna tsami, wato asid, yana da nasa ruɗanin. Ƙaramar lamba ita ce ke nuna yawan asid, kuma kowane mataki ɗaya ninki goma ne. Jini yana zama tsakanin 7.35 da 7.45, huhu da ƙoda ne ke tsare shi a nan, don haka shan lemun tsami ba ya mayar da jinin lafiyayyen mutum mai tsami. Numfashi mai zurfi da sauri da ake gani ga mai ciwon sukari da ya rikice ƙoƙari ne na huhu na fitar da iskar kabon dayoksaid don rage asid a jini.

Idan aka zo kan sel, sunan da Robert Hooke ya ba ƙananan ɗakunan da ya hango a ɓawon itace a 1665, kuskuren shi ne a ɗauka zanen nan mai da'ira da cibiya a tsakiya shi ne kamannin kowace sel. Jar ƙwayar jini da ta balaga ba ta da cibiya sam, ta zubar da ita don ta cika da himogulobin, sinadarin da ke ɗaukar oksijin, kuma saboda haka ba ta iya gyara kanta, sai ta ƙare a cikin kwana 120. Sel ɗin jijiyar saƙo ɗaya tana iya miƙewa daga ƙasan laka har zuwa yatsan ƙafa. Tsokar ƙashi kuma kowace sel tata cibiyoyi da yawa gare ta.

Ban san misalin da ya fi amosanin jini, wato sikila, nuna yadda matakan jiki suke hawa kan juna ba, ga shi kuma Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu fama da shi. Asalinsa sauyin tubali ɗaya ne tak, na shida a ɗaya daga cikin sarƙoƙin himogulobin. Wannan ɗan sauyi yana sa ƙwayoyin himogulobin su manne da juna su zama sanduna idan oksijin ta yi ƙaranci, sai jar ƙwayar ta lanƙwashe kamar lauje ta yi tauri. Ƙwayar da ta yi tauri tana toshe ƙananan hanyoyin jini, naman da ke gaba ya rasa iska, daga nan ciwon ƙashi mai tsanani ya taso, saifa ta lalace a hankali. Irin wannan ƙwaya kwana 10 zuwa 20 kawai take yi, shi ya kawo ƙarancin jini da ɗorawar ido. Daga sinadari zuwa sel, zuwa tishu, zuwa gaɓa, zuwa yaron da ke kwance yana kuka, zare ɗaya ne. Kuskuren da ke biye da shi ya fi kowanne tsada: idan miji da mata duk AS ne, yiwuwar haihuwar mai SS ɗaya ce cikin huɗu a kowane ciki, kuma kowane ciki lissafinsa sabo ne. Samun ɗa ɗaya mai ciwon bai kare uku masu zuwa ba. A nan ya kamata a tuna cewa sel ɗin jiki kuromosom 46 gare su, wato zaruruwan da ke ɗauke da gadon halitta, ƙwan mace da maniyyin namiji 23 kowanne, kuma ƙwan mace kullum X yake ɗauke da shi, maniyyi ne ke zuwa da X ko Y. Matar da ake yi wa gorin haihuwar 'ya'ya mata ana ɗora mata abin da ba daga wajenta yake ba.

Tishu shi ne tarin sel da suka haɗu kan aiki ɗaya, kuma iri huɗu ne: mai shimfiɗa da rufi, mai haɗawa da tallafi, tsoka, da na jijiyar saƙo. Ɗalibai sukan yi mamakin jin cewa jini da ƙashi da kitse duk 'yan gida ɗaya ne, na haɗawa. Abin da ya tara su shi ne ƙwayoyinsu a warwatse suke cikin wani abu da ke tsakaninsu, a jini abin ruwa ne, a ƙashi kuma ya daskare da kalsiyam. Fata kuwa gaɓa ce sukutum, domin ta haɗa tishu iri-iri.

Saura daidaiton cikin jiki, wanda Claude Bernard na Faransa ya aza harsashinsa a ƙarni na 19. Kuskure ne a zaci daidaito yana nufin tsayawa cak a lamba ɗaya. Zafin jiki yana ɗan hawa da sauka a kewayen digiri 37, jiki yana ta gyarawa. Sunan da littattafan Turanci suka ba babbar hanyar gyaran, wato "negative feedback", yana sa ɗalibi ya ɗauka mugun abu ne, alhali ma'anarsa martani ne mai mayar da abu baya idan ya kauce. A zafin Afrilu gumi yana fita don ya sanyaya jiki, da hunturu tsoka tana karkarwa don ta samar da ɗumi. Mai azumi idan sukarin jininsa ya fara sauka, sinadarin gulukagon yana umartar hanta ta saki wanda ta ajiye, bayan buɗa baki kuma insulin ya mayar da rarar ma'ajiya. Ɗaya hanyar, mai ƙara wa abu ƙarfi maimakon rage shi, ba ta da yawa a jiki, kuma ɗalibar ungozoma za ta gan ta a ɗakin haihuwa. Kan jariri yana danna bakin mahaifa, saƙo ya tafi ƙwaƙwalwa, a saki oksitosin, mahaifa ta ƙara matsawa, kan ya ƙara dannawa, a ƙara sakin sinadarin. Haka naƙuda take ta ƙaruwa har jariri ya fito, dannawar ta gushe, zagayen ya yanke.