Yadda Mai Gida Zai Gwada Iyalinsa Ciwon Hanta Tun Ido Bai Yi Ruwan Ɗorawa Ba

A yawancin ƙauyukanmu na Kano da Jigawa ba a ambaton ciwon hanta sai idon mutum ya koma ruwan ɗorawa, fitsarinsa ya yi duhu kamar shayi, abinci kuma ya fita daga ransa. Daga nan sai a ce shawara ce ta kama shi, a shiga daji a saro sassaƙe da saiwoyi a jiƙa masa. Abin da ba a cika sani ba shi ne, shawara alama ce kawai, kuma irin ciwon hantar da ya fi hallaka mutane yakan zauna a jiki shekara ashirin ko talatin bai nuna ko ciwon kai ba. Mutum yana noma gonarsa, yana cin kasuwa, yana aure yana haihuwa, alhali cutar tana cin hantarsa kamar yadda gara ke cin azara daga ciki, sai ranar da ciki ya cika da ruwa ko aka fara aman jini. Saboda haka lafiyayye shi ne ya kamata ya je gwaji, kuma ya je da mutanen gidansa.

Ƙwayoyin cutar iri biyar ne, ana kiran su A, B, C, D da E. Nau'in A da E ta gurɓataccen ruwa da abinci suke shiga, kuma galibi sukan wuce cikin 'yan makonni. Nau'in B da C ta jini suke bi, su ne masu daɗewa a jiki har su ƙeƙasar da hanta ko su jawo mata ciwon daji. Nau'in D ba ya kama kowa sai mai ɗauke da B. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2022 mutum miliyan 254 ne ke ɗauke da B, miliyan 50 kuma da C, sannan cutar ta kashe kimanin mutum miliyan 1.3 a wannan shekarar. A Najeriya, babban binciken da aka yi gida-gida a 2018 ya gano B a jinin kashi 8.1 cikin ɗari na masu shekara 15 zuwa 64, C kuma kashi 1.1. Wato kusan mutum ɗaya cikin goma sha biyu ke nan, lissafin da mai karatu zai iya auna shi da sahu ɗaya na sallar Juma'a a garinsu.

Zuwa gwaji

Gwajin farko ba shi da wahala. Ana tsira yatsa ne a ɗiga jini a kan ɗan abin gwaji, sakamako ya fito kafin rabin awa, kuma ba a bukatar mutum ya je da yunwa. Sunan gwajin nau'in B shi ne HBsAg, yana da kyau a rubuta shi a takarda a tafi da shi, a kuma nemi a haɗa da gwajin C a zama ɗaya. A fara tambaya a asibitin sha-ka-tafi na mazaɓa. Idan ba su da kayan, manyan asibitocin gwamnati irin na Haɗeja, Gumel, Kazaure da Ringim, ko na ƙaramar hukumar da mutum yake, nan ne wurin zuwa. A ranar 28 ga Yuli ta kowace shekara ake bikin ranar yaƙi da ciwon hanta ta duniya, ranar haihuwar Baruch Blumberg, masanin da ya gano ƙwayar B, kuma a wannan lokaci wasu asibitoci da ƙungiyoyi kan yi gwaji kyauta ko da rangwame, sai a riƙa sauraron sanarwa a rediyo.

Idan kuɗi bai isa a gwada kowa a lokaci ɗaya ba, a fara da mace mai ciki, sai mai gida da sauran matansa, sai duk wanda aka taɓa yi wa ƙarin jini, sai wanda ciwon hanta ko kumburin ciki ya kashe mahaifiyarsa ko wani ɗan ɗakinsu. Yara su biyo baya.

Wanda gwaji ya nuna ba ya ɗauke da B kada ya naɗe takarda ya tafi gida a kan ya tsira. Abin da ya rage masa shi ne riga-kafi, allura uku: ɗaya a ranar, ta biyu bayan wata ɗaya, ta uku bayan wata shida daga ta farko. Mutane da yawa kan tsaya a ta biyu, musamman idan ta ukun ta faɗo a tsakiyar damina ko bayan an tafi cin rani, don haka a lissafa watannin tun kafin a fara.

Idan an samu cutar

A nan ake yawan yin kuskure, kuma kuskuren farko shi ne zargi. Gaskiya ne B na iya wucewa tsakanin miji da mata ta saduwa, amma a ƙasashe irin namu mafi yawan masu ɗauke da ita tun suna jarirai ko ƙananan yara suka same ta, daga uwa a lokacin haihuwa ko ta aska da raunuka. Jaririn da ya kamu, a cikin goma kusan tara cutar za ta zauna musu har girma, alhali babban mutum da ya kamu, cikin ɗari bai kai biyar ba da take zame musu ta dindindin. Don haka mai gidan da aka samu cutar a jinin matarsa ba shi da hujjar yi mata mummunan zato, haka ita ma. Kuma babu dalilin ware wa mutum kwano ko moɗa. Ba a ɗaukar B ta cin tuwo a kwano ɗaya, ko shan fura da ludayi ɗaya, ko musafaha, ko gumi, ko buta. A Kano, inda dokar gwajin lafiya kafin aure da aka sa wa hannu a 2024 ta haɗa da B da C, ya kamata waliyyai su fahimci cewa samun B ba ya wajabta fasa aure. Wanda ba ya ɗauke da ita cikin ma'auratan yakan yi riga-kafinsa ne ya kammala.

Mataki na gaba shi ne ganin likita, ba mai kemis ba. Likita zai so a maimaita gwajin bayan wata shida don a tabbatar ko cutar ta zauna ne ko jiki ya kore ta. Zai kuma nemi gwajin aikin hanta, da gwajin yawan ƙwayar cutar a jini, da hoton ciki, da gwajin ƙoda, da na cutar ƙanjamau. Wannan na ƙarshe kada ya ɓata wa kowa rai, dalilinsa shi ne maganin B yana cikin magungunan ƙanjamau, kuma shan sa shi kaɗai ga mai cututtukan biyu yana sa ƙwayar ƙanjamau ta bijire wa magani. Gwajin yawan ƙwayar cutar shi ne mai tsada, kuma sau da yawa sai an dangana da manyan wurare kamar Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ko Asibitin Rasheed Shekoni da ke Dutse, ko Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu. Idan ya gagara, a gaya wa likita gaskiya, domin akwai hanyar auna lafiyar hanta da gwaje-gwajen jini masu araha.

Ba kowane mai B ne ake ɗora wa magani nan take ba. Wasu sa ido kawai ake yi a kansu. Wanda aka ɗora wa, yawanci tenofovir ne ko entecavir, ƙwaya ɗaya a rana. Maganin ba ya fitar da cutar kwata-kwata, danne ta yake yi har hanta ta huta, kuma galibi shan sa na tsawon rayuwa ne. Babban haɗari shi ne a fara a daina ba da sanin likita ba, domin cutar kan taso da ƙarfi ta yi wa hanta ɓarnar da ta fi ta da. Saboda haka a tanadi kuɗin wata mai zuwa tun na hannu bai ƙare ba. Azumi ba ya hana shan sa, tunda sau ɗaya ne, ana iya mayar da shi bayan shan ruwa ko lokacin sahur.

Nau'in C kuwa ana warkewa daga gare shi sarai. Haɗin sofosbuvir da daclatasvir na mako 12 yana warkar da fiye da kashi 95 cikin ɗari. Sai dai gwajin yatsa na C yana nuna cewa cutar ta taɓa shiga jiki ne kawai, kuma kusan kashi uku cikin goma jikinsu kan kore ta da kansa, don haka dole a tabbatar tana nan kafin a sayi magani. Ba ta da riga-kafi, kuma wanda ya warke yana iya sake kamuwa.

Game da masu tallar magani da lasifika a ranar kasuwa, waɗanda ke alkawarin wanke hanta da jarka ɗaya, akwai abin lura. Ba ƙarya mutane ke yi ba idan suka ce wane ya sha jiƙo shawararsa ta tafi. Abin da ya faru shi ne yawancin shawarar A da E, da sabon kamun B ga babba, da kansu suke wucewa, sai yabo ya tafi ga jiƙo. Amma duk abin da aka haɗiya hanta ce ke tace shi, kuma hantar da ke fama ba ta da ƙarfin tace haɗin da ba a san abin da ke cikinsa ba. Haka nan a guji giya da burkutu gaba ɗaya, a kuma daina shan farasitamol barkatai. Hana mara lafiya nama da mai har ya rame ba magani ba ne.

Awa ashirin da huɗu na farkon jariri

Idan da za a ce a zaɓi abu ɗaya tak daga cikin wannan bayani, to wannan ne. Allurar riga-kafin B ta farko ana son jariri ya same ta cikin awa 24 da haihuwa, kyauta ce a asibitocin gwamnati, sannan a bi ta da allurar nan mai haɗe da riga-kafi biyar a mako na 6, na 10 da na 14. Tun 2004 riga-kafin B ya shiga jerin alluran yara a Najeriya, amma haihuwar gida da al'adar jego sukan sa a makara: mai jego ba ta fita, jariri kuma a ce sai bayan suna, wani lokaci ma sai an yi arba'in. Ba sai mai jego ta fita ba. Kakar jariri ko gwaggonsa ta naɗe shi da kyau, a ɗauke su a babur zuwa asibiti a ranar. Idan cikin fari ne kuma yarinya ta tafi goyon ciki gidan iyayenta, miji ya aika wa surukansa wannan saƙo tun da wuri ta bakin wanda ba ya jin nauyinsu, ya kuma ajiye kuɗin mai. Idan an riga an makara, kada a fasa, a kai shi da zarar an samu hali.

Mace mai ɗauke da B ta sanar a wurin awo, ta kuma yi ƙoƙarin haihuwa a asibiti. Idan ƙwayar cutar ta yi yawa a jininta, likita kan ba ta tenofovir a watannin ƙarshe na ciki don kare abin da za ta haifa. Ta shayar da ɗanta nono kamar kowa.

Aska, reza da allura

Ƙwayar B tana iya rayuwa a busasshen jini aƙalla kwana bakwai, don haka goge aska a tsumma ko ɗauraye ta da ruwa ba ya kashe ta. Wanzami mutumin gida ne, ba sai an yi faɗa da shi ba. A sayi sabuwar reza a miƙa masa a buɗe ta a gaban ido, ko aski ne, ko ƙaho, ko askin suna. Kaciya, musamman irin wadda ake tara yaran unguwa a yi musu rana ɗaya lokacin sanyi, ta fi bukatar wannan kulawa, kuma yin ta a asibiti ya fi. Cire beli da tsaga ba su da wani amfani ga lafiyar jariri, barin su shi ne daidai. Ungozoma ta yanke cibi da sabuwar reza. Kowa ya riƙe nasa asuwaki da buroshi da abin yanke farce, kada a miƙa hannu ga almakashin masu yankan farce na kasuwa. Duk wanda zai yi maka allura, ka ga ya ɓare sabon sirinji, jini kuma kada a ƙara wa kowa sai wanda aka tantance.

Akwai kuma abin da ya shafi rumbu. Gyaɗa da masara da aka adana da danshi sukan yi fumfuna mai fitar da wata guba da ake kira afalatoksin, wadda idan ta haɗu da B a jikin mutum take ninka haɗarin ciwon dajin hanta. A shanya amfanin gona ya bushe sarai a kan tabarma ko leda, a tsince ruɓaɓɓu da masu ɗaci a zubar, kada a mayar da su ƙuliƙuli ko kunun yara don gudun asara.

A lokacin ambaliya, irin wadda ke yawan aukuwa a garuruwan bakin kogin Haɗeja, masai kan haɗu da rijiya, nan A da E ke samun hanya. A tafasa ruwan sha, a wanke hannu da sabulu. Mace mai ciki da idonta ya canza launi a kai ta asibiti a ranar, domin E na iya kashe mai ciki cikin 'yan kwanaki. Haka duk wanda ya yi aman jini, ko bayan gida baƙi kamar kwalta, ko cikinsa ya kumbura, ko ya fara ruɗewa yana barcin rana ba dalili, ba a kwana da shi a gida.

Mai ɗauke da B, ko yana shan magani ko ba ya sha, zai riƙa komawa a duba hantarsa bayan kowane wata shida zuwa shekara, gwargwadon yadda likita ya tsara masa. A adana duk takardun gwaji a leda ɗaya a tafi da su kowane zuwa. Ga manomi, hanya mafi sauƙin tunawa ita ce ya ɗaure zuwan da kaka, lokacin da aka sayar da amfanin gona kuma akwai kuɗi a hannu, na biyun kuma da bazara kafin a fara sharar gona.